Injiniyancin sinadarai a Jami'ar Zariya: me ake bincike, da wane kaya, kuma ina ruwan Ƙonni, Malbaza da Illela



Tun da sakamakon bak ya fito, tambaya guda ke ta dawowa a wayoyin da kuke bugo mana. Wani dattijo daga wajen Dogarawa ya ce ɗiyarsa ta samu bak, ta ce ita jeni shimik take so ta karanta, shi kuwa bai san ko haɗa magani ba ne ko sayar da esansi. Wani ɗan'uwa da ke bida a Abijan ya aiko saƙo, ya ce shi zai ɗauki nauyin ƙanensa, amma yana son sanin abin da zai zuba jikkunansa a kai. Minti goma na shiri ba su isa amsa ba, shi ya sa muka rubuta shi a nan, don mai buƙata ya karanta a tsanake, ya kuma karanta wa wanda bai yi lakkwal ba.

Mun ɗauki misali da sashen injiniyancin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Dalili biyu ne. Hanyar sananniya ce gare mu: Ƙonni, Illela ta Najeriya, Sakkwato, Gusau, Funtuwa, sai Zariya. Kuma yawancin abin da suke bincike a kai, yumɓu ne da duwatsu da ƴaƴan itace irin waɗanda muke takawa kullum.

Mene ne wannan karatu?

Kowace uwargida ta san dafa tuwon mutum biyar daban yake da na biki. Wadda ta ninka gari da ruwa kawai ta zuba a ƙatuwar tukunya, ƙasa zai ƙone sama bai dahu ba. Sai an sake lissafin wuta, da muciya, da lokaci. To, wannan lissafin shi ne aikin injiniyan sinadarai. Masanin sinadarai yana gano a ƴar kwalba cewa in an haɗa kaza da kaza za a samu kaza. Injiniya ne ke faɗin yadda za a yi tan dubu a rana, da irin tukunyar da za a ƙera, da yawan wutar da za ta ci, da nawa kilo guda zai tsaya, da inda dattin zai tafi kada ya cuci mutanen gari.

Fannin ba shi da tsufa ƙwarai. A 1887 wani Bature mai suna George Davis ya gabatar da jerin laccoci a kansa a Mancesta ta Ingila, a 1888 kuma makarantar MIT ta Amurka ta buɗe masa kwas. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa an kafa ta a 1962, kuma sashen yana ƙarƙashin tsangayarta ta injiniyanci.

Kowane bincike a wannan fanni hawa uku yake yi. Na farko ɗakin gwaji, inda ake aiki da giram-giram. Na biyu ƙaramar masana'antar gwaji, inda ake aiki da kilo-kilo don a ga matsalolin da kwalba ke ɓoyewa. Na uku uzin na gaske. Ku riƙe wannan hawa uku, don da shi ake gane sashen da ke da kayan aiki da wanda ke da allo kawai.

Yumɓun Ƙanƙara da tace mai

Aikin da ya fi fitar da sunan sashen na Zariya shi ne na farin yumɓu, wanda masana ke kira kawolin, da ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, PTDF, ya kafa kujerar farfesa a sashen, kuma a ƙarƙashinta Farfesa Abdulkarim Ahmed da abokan aikinsa suka duƙufa kan mayar da wannan yumɓu wani gari da ake kira ziyolayit.

Ga amfaninsa. In an tace ɗanyen mai, kaso mai yawa yana saura da kauri, bai kai esansi ba. Don a farfasa shi ya koma mai sauƙi, matata na haɗa shi da wannan gari cikin zafin da ya kai wajen digiri 500. Garin katalis ne, wato kamar dillali a kasuwar shanu: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa ciniki ya faɗa da wuri, ya fito da rigarsa, ya koma ya haɗa wani. Jikin garin cike yake da ramuka ƙanana da ido ba ya gani, faɗin kowane bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba, kuma a cikinsu ne man ke farfashewa. Matatun wannan yanki namu daga waje suke sayo shi da kuɗin ƙetare.

Yadda ake yi a taƙaice: a wanke yumɓun a fitar da yashi, a gasa shi a tanda da zafin digiri 600 zuwa 900 har ƙirarsa ta sauya, a daidaita sinadaran da ke cikinsa da asid, a dama shi da soda, a bar shi ya kwana, sannan a dafa shi a rufe wajen digiri 100 har ƙwayoyin su fito. Daga wannan yumɓu dai ana samun alam, wanda gidajen ruwa ke sawa don laka ta kwanta. Sashen ya kuma yi aiki a kan yumɓun Pindiga ta jihar Gombe, irin wanda ake damawa a zuba cikin rami lokacin haƙar rijiyar mai ko foraji don ramin kada ya rufta.

Matatar ganga ɗaya

Abu na biyu da ya ja hankalin jaridu shi ne ƙaramar matatar mai da wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Ibrahim Muhammad Dabo ta ƙera a sashen. Tana tace ganga ɗaya a rana, wato lita 159. Ku kwatanta: SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a Nuwamban 2011, an gina ta don ganga 20,000 a rana. Ta Kaduna ganga 110,000. Ta Ɗangote a Legas ganga 650,000.

Mai karatu zai ce to me ganga ɗaya za ta yi? Ba don kasuwa aka yi ta ba, don koyo da gwaji ne. Ƙa'idar da ke tafiyar da babba ita ke tafiyar da ƙarama. Ana dumama ɗanyen mai zuwa wajen digiri 350, tururinsa ya hau wata doguwar hasumiya mai hawa-hawa. Kowane ɓangare yana da zafin da yake komawa ruwa. Gas ɗin girki can ƙoli yake fita, esansi a ƙasansa, sai kananzir, sai gazuwal, mai kauri kuma ya zauna a gindi, daga nan ake samun gudoro da baƙin mai. Ɗalibin da ya kunna wannan da hannunsa, ya ga abin da ke faruwa in zafi ya wuce ko famfo ya tsaya, ranar da ya shiga matata ba baƙo ba ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Bututun da ke ɗaukar ɗanyen man Agadem zuwa tashar Seme ta Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta jiharmu ta Tawa ya ratsa. Bututu yana son masu lura da tsatsa, da ƙarfin turin mai, da tashoshin famfo. Duk darussa ne na wannan sashe.

Siminti: abin da Malbaza ta sani

Mu nan ba sai an nuna mana uzin a hoto ba. Tun shekarun 1960 ake siminti a Malbaza, kuma sabon uzin na kamfanin MCC an gina shi don tan 650,000 a shekara. Akwai wani a Badagishiri cikin gundumar Illela, akwai na Kalambaina a Sakkwato. Duk dutse ɗaya suke ci, don shimfiɗar ƙasa ɗaya ce ta taso daga Adar ta shiga ƙasar Sakkwato.

Ana niƙa dutsen kalker da yumɓu, a tura garin cikin doguwar tanda mai juyawa, zafi ya kai digiri 1,450. Ya fito dunƙule-dunƙule, shi ne kilinka. A sake niƙa shi da jips kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Jips ɗin nan shi ke hana siminti daskarewa a hannun magini tun bai shafa ba. A cikin tanda, tsantsar kalker yana rasa kashi 44 cikin 100 na nauyinsa, ya tashi sama a matsayin iskar kabon. Shi ya sa uzin-uzin na siminti ke da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska da duniya ke fitarwa.

Tambayoyin da masu wannan karatu ke bi a kai su ne: yaya za a rage man da tanda ke ci, yaya za a kama ƙura tun ba ta sauka kan gonaki ba, kuma da me za a rage kilinka a buhu ba tare da gini ya yi rauni ba. An tabbatar gasasshen farin yumɓu da tokar ƙaiƙayin shinkafa suna iya maye gurbin wani kaso nasa. Ga mai gina ɗaki da kuɗin da ɗansa ya aiko daga Libiya ko Gana, wannan maganar farashin buhu ce.

Mai daga ƴaƴan itace, wuta daga kashin shanu

Wani fanni da sashen na Zariya ya yi aiki a kai shi ne gazuwal na tsirrai. Ana matse man bini-da-zugu, ko na dogon yaro da wasu ke cewa bedi, a haɗa shi da wani ruwa mai suna metanol da ɗan soda, a juya cikin zafin digiri 60. Kilo 100 na mai yana ba da wajen kilo 100 na gazuwal da kilo 10 na gilisarin, wanda masu sabulu ke so. An zaɓi waɗannan itatuwa ne don ba a cin mansu, kada mota ta yi kishi da tukunyar miya. Abin da ake ta lissafi shi ne ko lita za ta tsaya ƙasa da farashin tasha. In ba ta tsaya ba, mai injin ban-ruwa ba zai saya ba, ko da farfesa goma sun yabe ta.

Kashin shanu kuma in an rufe shi da ruwa a rami marar iska, yana fitar da gas da ke ci da wuta, wanda kashi 50 zuwa 70 cikin 100 nasa metan ne, ragowar lakar kuma taki ce. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda ta fi kusa da mu, ta daɗe tana aiki a kan wannan da na'urorin busar da amfanin gona da hasken rana.

Ruwan sha, taki da albasa

Ruwa mai haske ba lalle ne ya zama mai lafiya ba. Mutanen Tibirin Gobir sun ga haka: ruwan foraji mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama, ya ɓata haƙoransu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita. Tafasawa ba ta cire shi. Masu wannan karatu suna gwada gawayin ƙashi da gasasshen yumɓu don kama shi, suna gwada gawayin ɓawon gyaɗa da makamantansa don kama launi da guba, da garin ƴaƴan zogale don kwantar da laka. Gwajin ne ke faɗin giram nawa ya isa lita nawa, da ranar da matacin zai ƙoshi a sauya shi.

Haka fosfat ɗin Tawa. Dutsen taki ne, amma ba ya narkewa da sauri, shuka ba ta samunsa a daminar farko yadda take so. In an jiƙa garinsa da asid irin na ruwan batir, sai ya koma takin da saiwa ke iya sha. Gano yawan asid ɗin da ya dace da dutsenmu, da tsadar buhu a ƙarshe, aikin injiniyan sinadarai ne.

Albasar Galmi kuwa kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Kowa ya san yadda farashi ke faɗuwa lokacin girbi, da abin da ke ruɓewa a rudu kafin ya tashi. Iyayenmu mata sun riga kowa sanin busarwa, ga gabu nan shaida. Abin da karatu ke ƙarawa shi ne lissafin zafi da iska da kaurin yanka, yadda tan guda zai bushe cikin tsabta, launi da ƙamshi ba su gudu ba.

Kayan aikin da ɗalibi zai tarar

A irin wannan sashe, ɗalibi yana bi ta ɗakuna kamar haka:

Ɗakin ayyukan uzin. Nan ake da ƙananan hasumiyoyin tacewa, famfuna da bututu, na'urar musayar zafi, matatai da injin busarwa. Ɗalibi ya auna da hannunsa, ya kwatanta da lissafin littafi.

Ɗakin haɗa sinadarai. Tukwanen ƙarfe masu murfi da ma'auni, da tandodi masu zafin da ya wuce digiri 1,000.

Ɗakin tantancewa. Na'urori masu haska gari su faɗi sinadaran da ke ciki da yadda ƙwayoyinsa suka jeru, da masu rarrabe abin da ke cikin mai ko gas. Ba tare da su ba, mai bincike ba zai iya rantsewa cewa abin da ya dafa ziyolayit ne ba.

Ɗakin kwamfuta. Da manhajoji irin su Aspen HYSYS da MATLAB ake gina uzin a allo, a gwada shi, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Maƙera da masana'antun gwaji. Nan ne hawa na biyu da muka faɗa. A Zariya, matatar ganga ɗaya da na'urorin gwajin ziyolayit suna cikin wannan rukuni.

Zariya tana da wata riba ta maƙwabta. Jami'ar na da cibiyar binciken makamashi, CERT, mai ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike da aka kunna a 2004, inda ake tantance sinadaran dutse da ƙasa. A Basawa kuma akwai NARICT, cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken fasahar sinadarai, wadda Farfesa Idris Bugaje, shi ma injiniyan sinadarai, ya taɓa shugabanta.

Sai dai a faɗi gaskiya: na'ura tana son wuta marar yankewa, da kayan gyara, da ma'aikacin da ya iya ta. Kuma tsakanin masana'antar gwaji da uzin na gaske akwai rata babba, wadda sai jari da kasuwa ke cike ta. Bincike da yawa a Afirka a wannan ratar yake tsayawa.

Ga iyaye da masu biyan kuɗi

Karatun digiri na farko a Najeriya shekara biyar ne, da Ingilishi, ciki har da watannin sitaji a uzin. Lissafi, fizik da shimi su ne ginshiƙi, don haka mai bak C ko D ya fi dacewa. Wanda ya taso da Faransanci ya tanadi lokacin gyara Ingilishinsa. Hanyar shiga tana bi ta hukumar JAMB, kuma a nemi ƙa'idar ɗaliban ƙetare daga ofishin jami'a kai tsaye. Kada a miƙa kuɗi ga wani ɗan tsakani a tasha.

A sa jinkiri cikin lissafi. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnatin Najeriya na 2022 ya ɗauki wata takwas, iyakarmu kuma ta kasance a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda ya tanadi kuɗin shekara biyar cif, ya ƙara ɗan wani abu a gefe.

Ba Zariya kaɗai ba ce. Ana wannan karatu a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta fasaha a Minna, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, da ta Maiduguri, da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. A gida kuma akwai EMIG a Yamai, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, da sashen shimi na Jami'ar Abdu Mumuni.

Duk inda za a kai yaro, a yi tambaya huɗu. Na'urorin da ke cikin takarda suna aiki yanzu? Ɗalibin digiri na farko yana taɓa su, ko kallo yake daga taga? Ina ake tura ɗalibai sitaji? Waɗanda suka gama shekaru uku da suka wuce, ina suke aiki? Tsohon ɗalibi ya fi takardar talla faɗin gaskiya.

Ga dattijonmu na Dogarawa: Baba, ba aikin ƙarfi ba ne da za a ce mace ba ta iyawa. Yawancinsa lissafi ne, da ɗakin gwaji, da ɗakin lura da na'urori, kuma mata suna yinsa. Masu wannan takarda suna samun aiki a uzin na siminti, matatar mai, gidan ruwa, ma'adinai, kamfanonin taki, sabulu da abinci. Takarda kaɗai ba ta ba da kujera, amma in babu ita, dutsen namu ne, ƙurar tamu ce, ɗanmu kuma yana bakin ƙofa yana jiran lodin buhu. Abin da muke fata shi ne a samu ƴaƴan Ƙonni, Malbaza da Illela a ɗakin da ake faɗin zafin tanda.

Wanda ya yi wannan karatu ko yake cikinsa, a Zariya ne ko Yamai ko wata ƙasa, ya aiko mana saƙon murya mu sa a shiri, ƙanne su ji daga bakin wanda ya gani. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka. Mu kwana nan.